Hayar Faifan Ajiya: Sana'a ce ga Matasan Ikara, Maƙarfi da Kudan, ko Aikin Baban Giwa?

Ajiyar bayanai ba baƙuwar sana'a ba ce a Ikara, Maƙarfi ko Hunƙuyi. Duk shagon tura fina-finai da ka leƙa, za ka tarar da benci, kwamfuta ɗaya, tarin igiyoyin caji, da faifan ajiya mai ɗaukar terabayit biyu ko huɗu, maƙare da fina-finan Kannywood, fassarar Indiya, wa'azi da karatun Alƙur'ani. Mai buƙata ya miƙo waya ko memori, a zuba masa, ya biya ya ƙara gaba. Sabon zancen shi ne a jona irin wannan faifan da intanet dare da rana, a ba mutanen wasu ƙasashe hayar filin da ya rage a cikinsa, su kuma su riƙa biya duk wata. Masu harkar suna kiran na'urar da aka jona haka nod. A nan za mu ce mata tashar ajiya.

Zancen ya zo ne a lokacin da matasan Arewa ke ɗauke da tabo. A 2024 an sha dannar waya ana mainin ɗin Notcoin da Hamster Kombat, kuma da aka zo rabon Hamster a watan Satumba na shekarar, abin da akasarin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba. A Afrilun 2025 CBEX ta rufta da kuɗin jama'a, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Shi ya sa da zarar an ambaci samun kuɗi ta intanet, majalisa kan rabu biyu: masu ganin dama ce da bai kamata a yi sake da ita ba, da masu cewa tsohuwar yaudara ce aka sake wa suna. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Yadda abin yake aiki

Hoton da ka ajiye a Google Drive yana zaune ne a cikin manyan gine-ginen kamfanin masu cike da kwamfutoci. Tsarin da ake muhawara a kansa ya bi wata hanya dabam: a rarraba ajiyar a kan dubban na'urorin mutane a sassan duniya, yadda faɗuwar ɗaya ba za ta tafi da komai ba. Fitattu a wannan fage su ne Storj, wanda Shawn Wilkinson ya assasa a Amurka a 2014, da Sia da ya fito a 2015, da Filecoin na kamfanin Protocol Labs, wanda ya fara aiki gadan-gadan a Oktoban 2020.

A ɗauki Storj, don shi ne ya fi sauƙin shiga ga mai ƙaramin ƙarfi. Tun kafin fayil ya bar kwamfutar mai shi ake kulle shi da makullin sirri, sannan a daddatsa shi. Bisa tsarin da kamfanin ya daɗe yana bayyanawa, gutsure 80 ake aikawa tashoshi 80 daban-daban, kuma duk 29 da aka samu daga ciki sun isa a haɗa fayil ɗin ya dawo yadda yake. Mai tasha ba ya iya karanta abin da ke faifansa. Lokaci zuwa lokaci ana aiko masa gwaji ba tare da sanarwa ba, a tabbatar gutsuren da aka ba shi na nan lafiya. Wanda ya riƙe amana a biya shi, wanda ya yi ta ɓatar da ajiya a sallame shi.

Kayan kafawa ba su da yawa: kwamfutar da ba a kashewa, faifai mai aƙalla giga 500 fanko, layin intanet mai ɗorewa, da asusun kirifto da za a riƙa turo lada a ciki. Sai a girka manhajar, a samar wa tashar shaidarta, a buɗe mata ƙofa a rauta don masu ajiya su iya isowa gare ta daga waje.

Batun riba: abin da magoya baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce wannan aiki ne na zahiri. Akwai mai ajiya da ke biya, akwai hidimar da ake yi masa, babu batun ka kawo mutum uku a ƙarƙashinka kafin ka ci riba, babu kuɗin rajista da za ka zuba ka jira ninki. Da dala ake ƙayyade ladan, ga shi kuma naira ta zube daga wajen 460 kan dala a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Don haka ko 'yan daloli ne suka shigo, suna da nauyi a aljihun matashin Paki ko Gimi.

Suna ƙarawa da cewa jarin yana hannu tuntuni. Mai shagon tura fim yana da faifai, mai shagon buga takardu yana da kwamfuta, kuma rabin filin da ke cikinsu a banza yake kwana. Tashar ba ta buƙatar a zauna a kanta. Mutum na iya tafiya gonar rake ko lambun tumatir, ya dawo ya tarar tana aikinta. Kuɗi ne, in ji su, da ke shigowa kana barci.

Martanin masu adawa

Su kuma sai su ce a ɗauko biro da takarda. Farashin da Storj ya tsayar a ƙarshen 2023 shi ne dala ɗaya da rabi kan kowane terabayit da aka ajiye tsawon wata, da dala biyu kan kowane terabayit da masu ajiya suka janye. A da dala ashirin ake biya kan janyewa. Kamfanin ne ya zaftare shi, kuma babu mai tashar da ya isa ya hana. Faifai mai terabayit huɗu, in ya cika maƙil, dala shida zai kawo a wata, wato wajen naira dubu tara a canjin 1,500. Cikarsa kuwa ba yau ba gobe ba, don a hankali ake turo wa sabuwar tasha ajiya, sai an shafe watanni masu yawa. Ga kuma riƙo: a wata uku na farko ana riƙe kashi 75 cikin ɗari na ladan, a uku na biyu kashi 50, a uku na uku kashi 25. Rabin abin da aka riƙe sai bayan wata goma sha biyar ake sako shi, ragowar kuma sai ranar da mutum ya fita ta hanyar da aka tsara.

Sannan a zo kan data, inda gizo ke saƙar. Duk abin da zai shiga faifan ta layin intanet zai bi. A ƙaddara mutum yana sayen giga ɗaya naira 300. Cika terabayit huɗu zai lashe masa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Duk terabayit ɗin da aka janye zai ci masa naira dubu ɗari uku, a biya shi dala biyu. Wannan ba ciniki ba ne. Kuma tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Masu adawa suna tunatarwa cewa shi kansa Storj shawararsa ita ce kada kowa ya sayi sabon kaya don wannan aiki, a yi amfani da abin da dama yake kunne.

Wuta da sabis: magoya baya

A nan suna kafa hujja da ƙanƙantar abin da tasha ke ci. 'Yar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da faifai ɗaya da rauta, duka ba su wuce wat ashirin ba. A yini da kwana bai kai rabin yunit na mita ba. Farantin sola ɗaya da batir mai kyau sun ɗauke wannan, kuma rana ba ta yi wa ƙasar Zazzau rowa ba. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, shaguna da gidaje da dama sun ajiye janareta sun koma sola, don haka wutar na nan ko da tasha ko babu. Ta fuskar intanet kuma, Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko da ya fara aiki a Afirka, kuma ba ruwansa da ko akwai turken sabis a kusa. Mai kwanon Starlink a Likoro, in ji su, daidai yake da na Legas.

Masu adawa

Amsarsu ita ce ƙa'idar aikin ba ta san uzuri ba. Ana son tasha ta kasance a kunne kashi 99.5 cikin ɗari na wata, wato duk yankewar da za ta yi a wata kada ta kai awa huɗu. Wa zai yi wannan alkawari a Kudan? Ko unguwannin birni da ke rukunin Band A, waɗanda aka mayar wa yunit naira 225 a Afrilun 2024, awa ashirin aka yi musu alkawari a rana. A Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu, yawancin jihohin Arewa sun haura mako guda cikin duhu. Sola na maganin wannan, amma a watan Agusta hadari kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere, batir kuma yana tsufa. Ga zafin bazara da kan doshi digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Faifai mai juyawa dare da rana a ɗakin kwano ba ya daɗewa, in ya mutu kuma ya tafi da tashar da kuɗin da aka riƙe.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Tasha tana buƙatar adireshin intanet nata na kanta, wanda za a iya ƙwanƙwasa mata ƙofa daga waje. Kamfanonin waya kuwa sukan cusa ɗimbin masu layi a bayan adireshi ɗaya, haka ma ƙaramin tsarin Starlink na gida. Akwai dabarun zagayewa, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin wurin da abu zai iya lalacewa. Kuɗin watan Starlink kaɗai ya ninka abin da faifai ɗaya zai kawo sau da yawa. Kuma ba a manta ba, a ƙarshen Satumban 2021 an katse sabis a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, aka shafe kusan wata biyu. Sai su rufe da lissafi mai sauƙi: wutar da tasha za ta sha a yini da kwana ta isa cajin wayoyi kusan ashirin. In ana caji naira 100, dubu biyu ke nan a rana, kuɗi hannu, babu jiran wata tara.

Mallakar bayanai da koyon aiki: magoya baya

Wasu daga cikinsu sun yarda ladan kaɗan ne, amma suna cewa ba nan gizo ke saƙar ba. Akasarin manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Najeriya a Legas suke, kuma yawancin abin da muke ɗorawa a intanet a Turai da Amurka yake kwana. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi sun ji a jikinsu. Al'ummar da ba ta riƙe ko ƙwayar bayananta ba, a hannun wasu take.

Suna kawo misalin Turkiyya: da gwamnati ta toshe Wikipedia a 2017, an ɗora kwafinta na harshen Turkanci a kan IPFS, tsarin rarraba ajiya da Filecoin ya ginu a kansa, ta yadda babu wata kwamfuta guda da za a rufe a ce an gama da ita. Suna kuma tuna Timbuktu, inda aka ƙona dubban rubuce-rubucen hannu a cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013. Gidajen malamai a ƙasar Zazzau cike suke da littattafan ajami da na Larabci da gara da damina ke ci, bayan waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da aka ɗauki hotonsa aka rarraba a wurare da yawa, gobara ɗaya ba ta cinye shi. Bugu da ƙari, matashin da ya kafa tasha ya koyi Linux, ya koyi saita rauta, ya koyi gano inda matsala take da tsakar dare. Wannan ilimin ana ɗaukar mutum aiki saboda shi.

Masu adawa

Suna cewa an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Tashar Storj da ke Ikara ba littafin malamin Ikara take ajiyewa ba. Gutsattsarin fayilolin baƙi ne da ba ta san su ba, ba kuma za ta iya buɗewa ba. Kwamfutocin da ke raba aiki da lissafin lada a hannun kamfanin suke. Ranar da igiyar teku ta tsinke, tashar ba za ta ceci kowa a garin ba, ita ce ma za a rubuta wa rashin halarta. Filecoin kuwa ba filin talaka ba ne: sai mai terabayit goma zuwa sama ke shiga layin babban lada, na'urorinsa masu tsada ne ƙwarai, sai an ajiye jingina da kuɗin FIL, kuma kullum sai an gabatar da shaidar ajiya, in an gaza a zaftare jinginar. Batun koyo kuma, duk abin da aka lissafa ana iya koyonsa a tsohuwar kwamfuta ba tare da an ɗaure kai da alkawarin wuta ba.

Doka da addini

Magoya baya suna nuna cewa ƙofa ta buɗe. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto a Fabrairun 2021, amma ya janye a Disamban 2023, kuma dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. A fiƙihu kuma suna ganin haya ce tsantsa: wuri sananne, lada sananne, lokaci sananne. Mai ba da hayar sito a kasuwar Maƙarfi ba ya kwance kowane buhu ya ga abin da ke ciki, kuma ba wanda ya ce kuɗin hayarsa haram ne.

Masu adawa suna cewa mai sito ya san fuskar wanda ya kawo kaya, in ya ga abin zargi yana iya cewa a kwashe. Mai tasha bai san kowa ba, ba shi da ikon zaɓe. Abin da ke faifansa zai iya zama littafin makaranta, zai iya zama batsa. Ladan kuma da sulallan STORJ yake zuwa, waɗanda darajarsu kan hau ta sauka kafin a canza su, ga kuɗin tura su da kan sa a jinkirta biya in abin bai taru ba. Malamai sun rabu kan kirifto, kuma wanda ya ga yadda aka tsare jami'an kamfanin kirifto na Binance a Abuja a Fabrairun 2024 ya san manufar gwamnati na iya juyawa cikin dare ɗaya.

Tace hujjoji

In aka auna, ɓangarorin biyu ba mutum ɗaya suke magana a kansa ba. Mutum uku ne.

Na farko shi ne matashin da zai sayar da akuya ko ya ci bashi ya sayi faifai, batir da data don ya kafa tasha. A kansa lissafin masu adawa ya yi nasara, kuma magoya baya masu gaskiya ba sa musu. Duk wanda ya zo yana tallar na'urar da zai ce tana haƙo daloli, ko ya nemi kuɗin rajista, a tambaye shi nawa ake biya kan terabayit, a kuma nemi ganin shaidar biya ta wata shida.

Na biyu shi ne wanda dama yana da wuta mai ɗorewa da layin da ba a ƙirga masa giga: cibiyar rubuta jarrabawar JAMB, ko makaranta irin kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, ko babban shagon kwamfuta. A wurinsa ƙarin kuɗin da tasha za ta ci kaɗan ne, don haka ko dala biyar ta shigo riba ce. Sai dai riba ce ta sayen batir, ba ta riƙe gida ba, kuma sai an samu adireshin da za a iya isowa gare shi daga waje.

Na uku ba lada yake nema ba. Ƙungiya ce ko makaranta da ke son littattafai, darussa, takardun filaye ko bayanan ƙungiyar manoman inabi na Kudan su zauna a kwamfutoci uku ko huɗu a garuruwa daban-daban, kowace tana riƙe da kwafi. Wannan ba ya buƙatar kirifto, ba ya buƙatar kashi 99.5, kuma shi ne ya fi dacewa da hujjar mallaka da magoya baya suka fi ƙarfi a kanta. Rauninsa shi ne babu mai biya, kuma aikin gayya da ba shi da mai kula takamaimai yakan mutu da mutuwar batir na farko.

Abin da ya rage a buɗe ya dogara da abubuwan da ba a hannun matasan yankin suke ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa layin fayiba na kilomita dubu 90. In ya iso hedikwatocin ƙananan hukumomi kamar Ikara da Hunƙuyi da farashin wata mai sauƙi, babbar hujjar masu adawa, wato tsadar data, za ta yi rauni sosai. In kuma kamfanonin suka sake zaftare lada kamar yadda aka yi a 2023, ko fayiba ba za ta ceci lissafin ba. A yau, a matsayin sana'a, ma'auni ya karkata wajen masu adawa. A matsayin makaranta da hanyar adana abin da ke namu, magoya baya ba su faɗi ba, amma nauyin nunawa a aikace yana wuyansu: sai an ga tasha ɗaya a yankin ta shekara a kunne, da littafin shiga da fitarta a buɗe, kafin a ce wa wani ya bi sahu.